Malamin da Ke Ɗanɗana Miya da Ƙafa

To, na ji an kai maka rahotona. Wai an gan ni da hantsi a bayan ɗakin girki, zaune a kan turmi, na saki baki ina kallon ƙwaro. Ba a yi mini ƙarya ba. Wuri ɗaya kawai za a gyara: ba turmi ba ne, tsohon bokitin fenti ne. Turmin uwargida ta hana.

Ka ce me? Magidanci da furfura a gemu ya rasa abin kallo sai malam-buɗe-littafi? Sannu, mai aikin yi! Kai da jiya ka share awa biyu kana kallon ƙarti ashirin da biyu suna bin ƙwallo ɗaya a Ingila, har ka ƙi cin tuwo don an ci ku. Ni 'yan wasana a gidana suke. Ba na sayen data, ba a ɗauke mini wuta ana tsaka da wasa, kuma tun da na fara kallo ba a taɓa cin mu ba.

Ka ce wannan sabon salo ne na 'yan boko? A Masar akwai wani ma'aikacin rumbunan hatsi mai suna Nebamun, ya rasu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. A zanen bangon kabarinsa, wanda yanzu yake wani gidan tarihi a Landan, ga shi yana farautar tsuntsaye a fadama, ga malam-buɗe-littafi na shawagi a kansa, irin wanda ke zuwa gidana sak. Wanda ya zana shi sai da ya zauna ya kalla. Wace boko ya yi?

Kada ka ji an ce lambu ka zaci na gidan gwamna ne. Taki huɗu ne a tsawo, uku a faɗi, inda ruwan alwala ke gangarawa. Akwai lemun tsami ɗaya, zogale biyu, ɗoɗɗoya, lalle, da kabewar da ta haye katanga tana leƙen maƙwabta. Akwai tafasa da rai-ɗore da suka fito don kansu na ƙi cirewa, saboda a kansu wasu fararen malam-buɗe-littafi ke zuba ƙwai. Sai kuma, a can kusurwa, tumfafiya.

Na san za ka zabura. Tumfafiya? A cikin gida? Ta kufai da bakin bola? Ita fa. Ba ni na shuka ba, iska ce ta kawo irinta a cikin 'yar audugar nan tata, ni dai ban kore ta ba. Uwargida ta ba ni kwana uku in tuge ta, kuma tana da hujja, don nonon tumfafiya in ya shiga ido ba ya wasa. Muka yi sulhu: na kewaye ta da kara saboda yara, aka yi mata iyaka kamar akuya mai ɓarna. Yau shekara biyu ke nan da cikar wa'adin kwana ukun.

Abin da ya sa na yi mata lauya shi ne babban baƙona. Mai launin ruwan goro ne, bakin fiffikensa baƙi da ɗigo-ɗigon fari, fukafukan baya kuma fari ya yi musu yawa, kamar wanda ya zauna a kan buhun fulawa. Dubi tafiyarsa. Sauran suna firgigit-firgigit kamar masu bashi a kasuwa, shi kuwa a hankali yake lilo, ya ratsa ta gaban tsuntsu ko a jikinsa. Ka ce wauta ce? A'a, ɗan tauri ne. Tun yana tsutsa ganyen tumfafiya yake ci, dafin ya taru a jikinsa bai yi masa komai ba. Tsuntsun da ya kuskura ya haɗiye shi zai yi amai, kuma ba zai manta da wannan launi ba. Rigar ruwan goron nan ba kwalliya ba ce kawai, sanarwa ce: a taɓa a gani.

Har akwai mai cin albarkacinsa. Wata malama ce daga wani gida dabam, ba ta da dafi ko na ɗigo, amma ta ɗinka riga irin tasa sak. Mijinta baƙi ne mai manyan tabo farare da kewayen shuɗi, ba ka ce sun haɗa ko unguwa ba. Ita kuwa tana yawo cikin rigar aro, tsuntsaye na kauce mata. An ce kama da wane ba ta wane. A gaya wa tsuntsaye, don har yau ba su ji ba.

Na ga ka tsaya a kan wata kalma. Tun yana tsutsa? Eh, tsutsa na ce. Ka ce kai dai ka san tsutsa tsutsa ce, malam malam ne, kada in raina maka hankali? Gyara zama.

Malama takan zo ta liƙa ƙwai a bayan ganye, ɗai-ɗai, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Bayan 'yan kwanaki kolo ya fito, abincinsa na farko ma ɓawon ƙwan da ya fito daga ciki. Daga nan ba shi da wani karatu sai ci. Ya ci, riga ta matse, ya tuɓe ta ya fito da sabuwa. Ya sake ci, ya sake tuɓewa. Kolo ya zama titibiri, titibiri ya zama gardi mai zanen baƙi da fari da ɗorawa, da wasu 'yan ƙahoni masu laushi a gadon baya. Wata rana sai ya daina ci. Ya nemi wuri ya maƙala gindi, ya rataye kai ƙasa, ya tuɓe rigar ƙarshe, sai ga wani ɗan abu kore kamar dutsen wuya, da ɗigon zinariya a jiki. Malam ya shiga halwa. Ba ci, ba sha, ba magana da kowa. A ciki kuwa ana rushe yawancin tsohon jiki ana gina sabo. Bayan mako guda ko ɗan fiye, da sassafe, ɓawon ya tsage. Abin da ya fito ba zai burge ka ba da farko: fukafukai a jiƙe, a cukuikuye, kamar rigar da aka zaro daga ƙarƙashin katifa. Ya rataye yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyinsu har su miƙe, ya jira su bushe. Sannan ya buɗe littafi.

Sau uku na ga fitowar nan da idona, sau ɗaya har shayina ya huce.

Kada ka ji kunya da yawa. Turawa ma sun daɗe suna cewa daga laka da ruɓaɓɓen abu ƙwari ke fitowa. Cikin waɗanda suka warware musu akwai wata Bajamushiya mai zane, Maria Sibylla Merian, wadda tun tana yarinya take kiwon tsutsotsi tana zana abin da suke zama. A 1699, tana da shekara 52, ta hau jirgin ruwa zuwa Suriname a Kudancin Amurka don wannan aiki, littafinta ya fito a 1705. Ka ga ba ka makara sosai ba. Shekara ɗari uku ne kacal da 'yan kai.

To ga inda na kama ka. Malam ya gifta, ka ce tubarkalla, dubi ikon Allah. Ka ga ɗansa a kan ganye, ka sa takalmi. Kana son alaramma a unguwa, almajiri kuma ka saka masa kare. Daga ina kake so alaramman ya faɗo?

Ka ce ai tsutsa ɓarna take yi? Nan kam ba zan yi maka gardama ba, zo in nuna maka lemun tsamina. Akwai wani babban baƙo, baƙi mai zanen ɗorawa, da wasu idanun ƙarya a fukafukan baya. Galibi kan lemo da danginsa yake haihuwa. 'Ya'yansa suna ƙanana za ka rantse kashin tsuntsu ne ya zuba a ganye, baƙi da fari, har da ɗan sheƙi. Wane tsuntsu zai tsaya cin kashinsa? In sun girma su koma kore shar. Ka taɓa ɗaya da tsinke, sai ya fito da wani ƙaho mai reshe biyu daga bayan kai, ya sakar maka wari. Na gwada da yatsa. Kai ka gwada da tsinke.

Suna cin ganye, ƙwarai kuwa. In dashe ne ƙarami, sai su bar shi tsirara, shi ya sa nake tsince su da hannu in mayar kan babbar bishiya. Ita babbar kuwa ganye goma ko ashirin ba su hana ta 'ya'ya ba. Kuɗin Laraba ne. Wa ya taɓa sa ɗa a makaranta ya ce ba zai ba malam na Laraba ba?

Ka ce ka tuna 2016, da tsutsa ta gama da tumatir a Kano da Kaduna har kwando ya gagari talaka, ga kuma wadda ta shigo ƙasar a shekarar tana cinye zuciyar masara? Ni ma na tuna, a gidana ma an yi miyar kuka har an gaji. Amma ka kama mai laifi. Waɗancan 'ya'yan 'yan'uwan malam ne na dare, masu faɗa wa fitila. Dangi ɗaya ne, gida dabam. In ɗan kawunka ya yi sata, kai ake kai wa gaban alƙali?

Su ma na daren kada ka yi musu kuɗin goro. Tsohuwar babbar rigar nan da kakanka ya bari, mai aska takwas, da wane zare aka yi mata aiki? Ka ce tsamiya, kana ɗaga kai. Madalla. Zaren tsamiya tsutsa ce ta saƙa shi. Sukan taru da yawa su yi gida ɗaya na siliki su shiga halwa a ciki, a ɗebo gidan, a dafa da ruwan toka, a kaɗa zare. Wato ranar Salla da yawun tsutsa kake taƙama a ƙirji, kana tafiya kana saɓa hannu. A ci gaba da saɓawa, ranka ya daɗe.

Yanzu ka koma tambayar 'yan kasuwa: to mene ne amfaninsa? Ana cinsa? Ana sayarwa? Ka zaci zan ce shi ke riƙe da duniya. Ba zan ce ba. Yana taimakawa wajen barbarar furanni, yana kwasar ƙurar wannan fure ya kai wa wancan, amma a wannan aiki ɗan rakiya ne. Dubi yadda yake tsayawa a kan fure, da dogayen ƙafafu, can nesa-nesa, kamar amarya za ta tsallake taɓo. Kudan zuma kuwa kutsawa yake da ka, ya yi birgima, ya fito buɗu-buɗu kamar ɗan dako a injin niƙa. Shi ke aikin, malam ke shan kallo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai gidan da ka gyara wa malam, zuma ma nan za ta sauka. Duba kabewa. Furenta iri biyu ne, namiji da mace, macen ita ce mai 'yar ƙaramar kabewa a gindi. In ba a sami mai kai saƙo tsakaninsu da safen nan ba, 'yar kabewar ta yi ɗorawa ta faɗi, kai kuma ka ce baki ne ya kama ta. Kukar da kake kaɗa miya da ganyenta, jemage ne ke yi wa furenta hidima cikin dare. Gwanda kuma 'yan daren nan da ka gama zagi. Kowa na da ma'aikacinsa, ba wanda ke karɓar albashi.

Na taɓa ganin abin da rashinsu ke yi. Na yi tafiyar kwana huɗu, wani ɗan ƙanena mai son a ce ya yi abin kirki ya ga ganye da huji, ya ɗauko maganin feshi ya wanke mini lambu tas. Na dawo ya tarbe ni da fara'a: "Baffa, na gama maka da su." Ya gama kuwa. Ba tsutsa, ba malam, ba zuma, har gizo-gizon da ke kama mini sauro ya tafi. Ganye ya yi kyau, wuri ya yi tsit kamar gidan da aka tashi. 'Ya'yan kabewa suka yi ta zubewa. Na sa masa albarka, don da kyakkyawar niyya ya yi, sannan na ɓoye famfon feshin a saman rumbu.

Ka ce to shi wannan malami, da yake ta buɗe littafi yana rufewa, me ya taɓa karantawa? Ko baƙi ɗaya. Shan hantsi yake. Jikinsa ba ya riƙe ɗumi kamar namu, sai rana ta gasa shi kafin ya iya tashi. Shi ya sa da hunturu ba ka ganinsa sai rana ta ɗaga. Ka ga kun yi tarayya a wani abu.

Rubutun littafin kuwa, wannan ƙurar ce da ke maƙale wa yara a yatsa in sun kama shi. Ƙananan ɓawo ne jere a kan juna kamar na kifi, su ke ba da launi, kuma wanda ya goge ba ya sake tsirowa. Ka gaya wa yaranka, allon wani suke wankewa.

Ga wadda za ka ce na ƙirƙira: da ƙafa yake ɗanɗano. Ya sauka a kan abu, tafin ƙafarsa ya gaya masa ko da zaƙi. Malama ma kafin ta ajiye ƙwai sai ta ɗan daddaki ganyen da ƙafafun gaba, ta tabbatar abincin 'ya'yanta ne, shi ya sa ba ta kuskuren ɗaukar zogale a matsayin tumfafiya. Ba shi da haƙori, ba ya tauna. Bakinsa wani siririn bututu ne a naɗe kamar gammo, in ya sami fure ya warware shi ya zuƙa. Kai ka gwada ɗanɗana miyar uwargida da ƙafa, ka zo ka ba ni labari in an sallame ka daga asibiti.

Akwai kuma abin da na so in rufa masa asiri, amma tunda muna faɗar gaskiya: wani lokaci za ka tarar da malamai sun yi cincirindo a kan danshi, a bakin kwata, a kan kashin shanu, har inda aka yi fitsari. Subhanallahi, malam! Yawancinsu maza ne, gishiri suke nema, don ruwan fure zaƙi ne zalla. Kuma ba don kansu kaɗai ba, in an zo aure sukan miƙa wa malama wani kaso, ya amfani ƙwai. Kayan lefe ke nan. Kai naka lefen akwati nawa ne, har yau kana biyan bashi? Shi da gishiri ya gama. Ni dai na rage masa zubar da girma: na binne tsohon faranti a gindin lalle, na cika da yashi mai danshi, na barbaɗa ɗan gishiri. Suna zuwa. Wasu kuma har gobe kwatar suka fi so, hali zanen dutse.

Ka ce duk naka ɗaya ne, malam-buɗe-littafi dai malam-buɗe-littafi ne? A nan laifin namu ne duka, suna ɗaya muka raɗa wa gari guda. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Torben Larsen, ya fitar da littafi a 2005 a kan na Afirka ta Yamma kaɗai, ya lissafa kusan iri 1,500, akasarinsu a dazuzzukan kudu. Namu na arewa ba su kai haka yawa ba, amma a taki huɗun nan nawa na ƙirga iri tara a ƙarshen daminar bara, ni da ba ni da komai sai ido da bokitin fenti.

Na bar maka babbar a ƙarshe, don na san inda za ka fake. Ka ce ko me zan faɗa, abu ne marar ƙarfi, iska ke wasa da shi, daga wannan fure zuwa wancan ya gama duniyarsa. To akwai wani ɗan madaidaici, ruwan ƙasa-ƙasa da ja-ja da ɗigon fari, Turawa na kiransa da sunan mace mai kwalliya. Nauyinsa bai kai giram ɗaya ba. Ɗan ci-rani ne. In sanyi ya doso Turai, ya ƙetare Bahar Rum, ya ƙetare Sahara, ya sauka a yankinmu na Sahel daidai ƙarshen damina, lokacin da ciyawa ke kore. Ya hayayyafa a nan. In wuri ya bushe, 'ya'ya da jikoki su kama hanyar arewa. Zagayen ya haura kilomita 10,000, kuma ba mai kammala shi da ransa, kaka ya fara, tattaɓa-kunne ya ƙarasa, ba wanda ya nuna wa wani hanya. Ba fasfo, ba biza, ba ɗan kamasho a Agadas.

Ka ce ƙarya? Ajiye ƙaryar, za ka buƙace ta yanzu. A watan Oktoba na 2013 wani masani daga Sifaniya, Gerard Talavera, yana tafiya a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Kudancin Amurka, sai ya ga irin waɗannan a kan yashi, fukafukai duk sun yage, a ƙasar da ba a san su da zama ba. Shi da abokan aikinsa suka shafe shekara goma suna bin sawu, sakamakon ya fito a 2024. Sun duba yadda iska ta kaɗa a kwanakin, sun duba asalin jinsinsu, sannan sun duba ƙurar furen da ta maƙale a jikinsu. Ka san furen me suka samu? Sabara da kurna. Sabarar nan da ake dafa wa mai jego, da kurnar da ka sha jifa kana yaro. Daga Afirka ta Yamma suka tashi, iska na tura su, suka ratsa Tekun Atilantika, aƙalla kilomita 4,200, cikin kwana biyar zuwa takwas, ba reshen da za a huta. Suka isa da guzurin gida a jiki.

Kai da ka je Legas sau ɗaya a motar dare, sai da aka yi mako ana gasa maka baya.

Ka yi shiru. A'a, ba sai ka ce komai ba, na ga idonka ya bar fuskata tun ɗazu, yana can kan ɗoɗɗoya. Wancan? Mai rigar aro ce ko ɗan taurin ne? Oho, kai da ka ce duk ɗaya ne. Ga bokiti nan, kifa shi ka zauna, a hankali, kada ya yi ƙara. Ka kashe wayar nan. Kuma don Allah matsa hagu kaɗan, inuwar hularka ta faɗa wa malam a kan littafi.